Ranar da Injin Tsallake Ya Mutu

"Lafiya lau, sai dai ban gane mai gaisuwar ba," in ji Mai Gahawa, bai ko ɗago kai daga kofin da yake gogewa ba. "Baiwar Allah, ko ɓatan hanya kika yi? Kamfani yana tsallaken titi."

"Ni ma ban gane wurin ba," in ji jikarsa daga bakin ƙofa. "An ce mini shago ne. Na leƙo na ga kujeru goma sha biyu da tsofaffi biyu, na ɗauka ɗakin jiran likita ne."

Tsoho na biyun, malamin lissafi ne mai ritaya, ya ɗaga jaridarsa ya rufe fuska. "Ni ba na nan," ya ce.

Shekara talatin da ɗaya ke nan Mai Gahawa yana sana'arsa a wannan ɗaki mai taga ɗaya, daura da ƙofar kwaleji. Bara wani kamfani mai reshe a kowane gari ya buɗe shago a tsallake, gilashi tun daga ƙasa har sama. Kafin shekara ta zagayo an ƙara biyu, ɗaya a tasha, ɗaya a cikin kwalejin kanta. Ɗalibai suka kwashe suka koma inda kowane tebur ke da wurin cajin waya. Wannan bai dame shi ba, ko dai haka yake faɗa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, mako shida da suka wuce, 'yar ɗansa marigayi, wadda ta yi rarrafe a ƙarƙashin wannan kanta, ta karɓi aiki a can. Ranar ya ce mata tunda ta tsallaka ta zauna can, ita kuwa ta riƙe maganar, ba ta sake tako shagon ba. Kullum yana hangen ta ta taga tana ɗaura rigar aikinsu, kullum yana shirya abin da zai faɗa, bakin ya ƙi. Yau ga ta da ƙafarta, ƙarfe takwas da kwata, kuma ya ƙudura ba za ta fita ba sai ya san ranar da za ta sake shigowa. Amma ba shi zai tambaya ba.

"Wannan hular fa?" ya ce. "Haka suke yi wa matan mutane? Na auro ki tsaf-tsaf, sun mayar da ke mai tsaron gida a filin ƙwallo."

"Wane aure? Mijin da haƙoransa ke kwana a kofi?"

"Haƙorana ne. Da hannuna na zaɓe su a wurin likita."

"Shi ya sa sun fi ka ƙuruciya. In za ka yi murmushi ka riƙa neman izininsu."

"To faɗi abin da ya kawo ki. In biko ne, ki fara da durƙusawa. In gado ne, ki dawo nan da shekara ashirin."

"Injinmu ya mutu."

Ya ajiye kofin a hankali. "Sake faɗa. Kunnen nan na hagu ba ya ji sosai."

"Na dama ne ba ya ji."

"Yau duka biyun suna so su ji."

"Ya mutu, tsoho. Ya yi tari sau biyu, ya fesa wa manaja tururi a riga, ya yi shiru. Mai gyara sai gobe zai iso daga babban ofis, mu kuma an hana mu taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinsa. Manaja ya kulle ƙofa, ya ce kowa ya tafi gida."

Ya buɗe baki zai yi mata ta'aziyyar wasa, sai ya fasa. Irin wannan wasa ya fita daga bakinsa shekara biyu ke nan, tun rasuwar ɗansa.

"Injin da kika ce ya fi ni hankali?" ya ce.

"Har yanzu ya fi ka. Shi da ya gaji ya san ya tsaya."

"To sai ku je sauran rassan. Ai kun fi ƙudaje yawa."

"Na cikin kwaleji layi ya kai ɗakin karatu, na tasha ya yi nisa, jarrabawa kuwa tara da rabi. Leƙa waje."

Ya leƙa. A bayanta, a gefen titi, ɗalibai ne sun kai hamsin, jaka a baya, idanu jajur, suna kallon tsohon allon shagon da rabin rubutunsa ya goge.

"Waɗannan fa?"

"'Yan rakiyar amarya. Ba ka gaya wa duk unguwa na gudu ba? Ga ni na dawo da jama'ata."

Mai Gahawa ya dubi tukunyarsa, wadda ba ta wuce kofi takwas, ya dubi hannunsa. Murhu biyu ne a bayan kantar. Na dama nasa ne. Na hagu ɗansa ne yake tsayawa a kai, kuma tun ranar da aka dawo daga asibiti ba tare da shi ba, ba a sake kunna shi ba. Kowace safiya tsohon yakan goge shi, ya kife masa tire.

"Ba na sayar wa masu butulci," ya ce. "Su koma inda ake rubuta musu suna a kofi kamar 'yan makarantar raino."

"Matsa."

Ashe har ta zagayo bayan kanta, ta dire damin kofunan takarda da ta sayo a kantin kusa, ta ciro babbar tukunya daga ƙasan kanta ba tare da ta nema ba.

"Wa ya ba ki izini?"

"Hannunka. Dubi yadda yake rawa, rabin gahawar a faranti za ta ƙare."

Ta kai hannu ga tiren, sai ta dakata, ta dube shi. Shi kuwa ya ga wani abu a taga da ke buƙatar kallo.

"Ashana tana inda take," ya ce.

Wutar ta kama a ƙyastawa ta biyu.

Na farko a layi wani dogo ne mai tabarau. Ya dubi bango yana neman allon zaɓi, bai ga komai ba sai kalanda, sai ya karanto da ka.

"Babba, madarar waken suya, kumfa da yawa, rabin sukari, a barbaɗa kirfa."

"Uwargida," in ji tsoho, "wannan gahawa yake nema ko takardar magani yake karantawa? Saurayi, a nan ba a zaɓe. Ni nake duban fuskarka in ba ka abin da ya dace da kai. Taka fuskar ta wanda bai karanta babin ƙarshe ba ce. Baƙa za ka sha, mai ƙarfi."

Dogon ya ja da baya, ya waiwayi ƙofa.

"Haka ka kore su bara," ta ce.

"Ni ban kori kowa ba. Gilashi suka gani."

"Mutum yana so a tambaye shi, tsoho. Ko ba za a ba shi ba, a dai tambaye shi."

"Wannan ai yaudara ce."

"In an ɓoye ne yaudara." Ta ƙwanƙwasa ludayi a kan kanta. "Jama'a, ku saurara! Za a tambayi kowa abin da yake so, za a rubuta sunansa, amma tukunyar iri ɗaya ce. Mai madara ko marar madara, wannan kaɗai za a cika muku. Sauran kuwa, sai abin da mijina ya gani a fuskarku, kuma ku sani idonsa ɗaya ne mai aiki."

Dariya ta tashi har waje. Abin mamaki, babu wanda ya rage ko kalma ɗaya daga abin da ya saba faɗa in zai sayi gahawa a kamfani. Ta zaro alƙalami daga gefen hula, tana rubutawa tana ƙwala wa tsohon kira kamar yana bayan gari, alhali kafaɗarsu na gogar juna.

"Matsakaici, kumfa da yawa!"

"An ji." Ya ɗaga butar gahawa sama, ya tsiyayo daga nesa har kumfa ta taso.

"Ƙarami, babu kumfa!"

"An ji." Ya sauko da hannu.

"Babba, rabin sukari!"

"Wannan siririyar? Cokali biyu. Jarrabawar awa uku ce, in ta faɗi a aji ni za a zaga."

"Ka ga ni? Ba ka jin magana."

"A wurin matata na koya."

"Da can wa ya koya maka? Ai da taurin kanka na same ka."

"Ke kuma wa ya koya miki riƙon ludayi? Kamfani?"

"Kamfani ya koya mini murmushi. Kai shekara talatin ba ka iya ba."

"Murmushin da ake koya a takarda? Na gan ki ta taga kina yi wa kowa iri ɗaya, har da mai kwashe shara."

"Au, ashe kana kallona ta taga?"

"Titi nake kallo. Ke ce kike tare mini shi."

Madara ta ƙare a kan mutum na goma sha tara. Jikar ta zare jaridar daga hannun malamin lissafi, ta ce tunda ba ya nan, ba zai ji nauyin zuwa kanti ba. Ya tafi yana gunaguni cewa shi da ya koyar da shugaban kwalejin nan yau an aike shi sayen madara, ya dawo da gwangwani shida a rungume, daga nan kuma, ba tare da an sa shi ba, ya tsaya wanke cokula.

Ɗakin ya cika da tururi da surutu. Kujeru goma sha biyun duk suka samu mazauna, wasu a kan taga, littafi a gwiwa. A tsakiyar haka tsohon ya juyo ɗaukar mataci, sai ya ga yadda ta tsaya a gaban murhun hagu, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, kai a karkace tana sauraron tafasa. Tsayuwar ubanta ke nan sak. Ya juya ya zuba wa wata yarinya sukari sau biyu ba tare da ya sani ba.

Dogon mai tabarau ya dawo da kofinsa wayam.

"Baba, wannan wanne ne? Me ake ce masa a can?"

"Ba ya cikin allonmu," in ji jikar.

"Ka ji ko?" in ji tsoho. "Abu ashirin da bakwai a allo, babu mai kyau ɗaya. Ƙara masa."

"Zai yi rawa a ɗakin jarrabawa."

"Gara rawa da gyangyaɗi."

Tara da minti ashirin ɗakin ya watse kamar an share. Aka bar kofunan takarda a kwando, kowanne da sunansa, da tsofaffi biyu suna mayar da numfashi. Ta kashe murhun hagu, ta wanke babbar tukunyar, ta goge hannu a rigar kamfani.

"To, 'yar kamfani, yau kin ga aikin maza."

"Na ga tsoho yana haki."

"Gobe injin naku zai tashi?"

"Zai tashi."

"Su koma."

"Za su koma. Can akwai caji, akwai sanyi, kuma babu mai gaya musu ba su yi karatu ba."

"Ke ma."

"Ni ma." Ta gyara hular. Wannan karon babu wasa a muryarta. "Aikina ne, Kaka. Ina son sa, kuma na iya shi."

Ya ɗauki tsumma ya shiga goge kantar da ta riga ta goge. Ta rataya jaka, ta nufi ƙofa. Taku biyar ne daga kanta zuwa ƙofar shagon, ita kuwa ta mayar da su kamar goma sha biyar, har da tsayawa gyara kujerar da ba ta karkace ba. Malamin lissafi ya yi tarin da ba na mura ba.

"Murhun nan," in ji tsoho, yana fuskantar bango, "in an kunna shi sau ɗaya aka bar shi, toshewa yake yi."

"Haka ne? Shekara biyu bai toshe ba."

"Da barci yake. Yanzu kin tashe shi."

"Da ni kake magana ko da bango?"

"Da bango."

"To ka gaya wa bango ba na aiki ranar Asabar."

"Bango ya ce ƙarfe takwas."

"Bakwai."

"Wa zai sha gahawa ƙarfe bakwai ranar Asabar?"

"Ni. Kuma zan tambayi mutane abin da suke so."

"Ki tambaya. Ni dai abin da na ga dama zan zuba."

"Kuma da hulata zan zo."

"Da wannan abar? A shagona?" Ya juyo ga malamin lissafi. "Malam, ka ji?"

"Na ji. Hula ce, ba gobara ba. Ka ba ta amsa mu huta."

Tsoho ya laluba aljihu, ya ciro zoben mabuɗai, ya yi ta fama da shi har ya zare ɗaya. Ya cilla mata, ta cafe da hannu ɗaya.

"Bakwai ɗin, ki buɗe da kanki. Ni ango ne, sai an dafa a tashe ni."

Ta juya mabuɗin a tafinta, amma ba ta motsa daga ƙofar ba.

"Saura abu ɗaya. Faɗi ka yi kewata."

"Na yi kewar mai wanke tukunya."

"Faɗi, tsoho. Ga shaida a zaune."

"Kewar me? Mako shida ina shan iska, babu mai cinye mini sukari..."

"Sai an jima, ga mabuɗinka."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ya daɗe bai yi ba, har ya dafa kanta.

"Na yi," ya ce. "Na yi, ja'ira. Tafi kafin in canja kwaɗon."