Ranar Da Na Goya Gwamnati

Ku yi haƙuri, a tsaye nake rubuta muku wannan. Ƙuguna ya ƙi zama tun ranar da na goya gwamnati na ƙetare rafi da ita.

Shekara uku ke nan da ambaliya ta tafi da gadar ƙauyenmu a nan Mara. Motar madara takan zo waccan gaɓa ta yi ham, mu ɗaga mata hannu, ta juya. Matata Nasieku kullum sai ta tatsi shanu, kullum madarar ta yi tsami a gora. Mun sha nono har karnukanmu sun fara kau da kai.

Sai aka ce Mai Girma Uban Duba Ayyuka zai zo ya ga gadar da idonsa. Da yake takalminsa bai saba da taɓo ba, kwamiti ya yi hikima, aka ɗauko masa hayar balan-balan ɗin nan mai kwando da baƙi ke hawa da sassafe su kalli giwaye da jakunan dawa. Ni dai na yaba. Daga sama ai komai lafiya lau yake.

Abin da kwamiti bai tambaya ba, kowace akuya a nan ta sani: abin nan ba shi da sitiyari. Matuƙi ya hura wuta ya hau, ya rage wuta ya sauko, sauran kuma sai yadda iska ta ga dama. Motoci ne ke bin sa a ƙasa su kwaso mutane.

Muna shan shayi sai inuwa ta rufe garke, shanu suka watse. Kwando ya ja ƙasa ya kife a tsakiyar kashin shanu. Maƙwabcina Lekishon ya leƙo ta shinge ya ce, “Sa'ana, fito ka gani, ƙuri'arka ce ta faɗo.”

Mai Girma ya rarrafo waje ya ce, “Ina hanyar mota?”

Nasieku ta ce, “Ita kuka zo dubawa, ranka ya daɗe. Ga nono ka jiƙa maƙogwaro.” Ya kurɓa, fuskarsa ta haɗe wuri guda.

Motocinsa na can waccan gaɓa da teburin karin kumallo. Ya dubi ruwan ya ce, “Da kada a ciki?”

Lekishon ya ce, “Akwai, yallaɓai, amma ba sa cin abokan sana'a.”

Ni na fi kowa tsawo, ni aka ɗora wa shi a baya. Ruwa na kai mini gwiwa ya ce za a yi gada. Da ya kai ƙugu, gadar ta samu fitilu. A ƙirji ya riƙe kunnuwana ya ƙara da kwalta har kasuwa. Na so in ɗan nitse mu samu asibiti. Ƙafarsa na taɓa tudu ya gyara riga, ya ce za a duba.

Ba zan ɓoye muku ba, na sa rai. Nasieku har ta wanke bokitan madara ta jera a rana.

Jiya mota ta sauke wani dogon katako a bakin rafi, muka fito da rawa. Allo ne. An rubuta: AN HARAMTA WA BALAN-BALAN SAUKA A NAN. Ƙasa ma yake kallo, ba sama ba. Na ji haushi har na kasa cin tuwonmu na ugali, Nasieku kuwa ta kwashe bokitanta.

Da yamma ni da Lekishon muka shimfiɗa allon a kan ruwa. Katako ne mai kyau, gaskiya, ya kai rabin rafi cif. Saura guda.

Don haka in kun ji wani babba na sha'awar shan iska, ku turo mana shi, mun share fili. A dai taimaka a zaɓo marar tumbi.