Kaka ta haddace darasin

"…lafiya lau, Tafinta. Ya gajiyar karatu?" in ji kakarsa, tana ɗinke maɓallin riga a bakin taga.

Ita ta laƙaba masa sunan, tun da otal ɗin da yake wa aikin ɗaukar kaya ya yi alkawarin mai da shi teburin karɓar baƙi idan ya iya Sifaniyanci. Abin da yake ɓoyewa shi ne ya daina shiga ajin koyon yaren. Ranar da aka zo darasin yadda ake faɗin fata da shakka, malama ta tashe shi, ya tsaya baki sake, sa'o'in ƙannensa suna dariya. Tun daga nan a tashar bas yake cinye lokacin darasi.

"Karatu sai godiya, tsohuwa mai ran ƙarfe."

"Tsohuwa ce matarka. To maigida, yi min yaren in ji."

Ya gyara murya ya fara. Bai kai rabi ba ta karɓe, ta ƙarasa masa tsaf, har da tarin da yake yi a tsakiya. Kunya ta rufe shi.

"Ke da ba haƙori, ina kika samo wannan?"

"A bakinka mana. Tun ina da haƙoran kake kawo min cefane iri ɗaya. Ko malamar taku ce ta ƙare?"

"Maimaitawa ake yi."

"A tashar bas? Na hango ka ta tagar mota zan je asibiti, ka rungume jaka kamar wanda aka kora daga gida. Don kunya na ce wa ta kusa da ni ban san ka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Dariya suka yi min, Kaka. Fata aka ce in faɗa, na kasa."

"Da wannan kunnuwan naka ai dole a yi dariya." Ta gutsure zaren, muryarta ta sauka. "To ga fata: Allah ya sa mijina ya daina ɗaukar akwatin mutane. Juya min."

Ya girgiza kai.

"Ban iya ba."

"Wa ya iya?"

"Malama."

Ta miƙa masa rigar. Sai lokacin ya ga tasa ce, farar da ya saya don ranar da zai zauna a teburin. Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Kin ci, tsohuwa. Gobe zan kawo miki fatan daga wajen malama."

"Ka taho da shi da zafinsa, in ba haka ba in sake miji."