Rasuwar Balbela, Jirgin Malam Sagir da Aka Kashe a Tudu

Ya'u ne ya kashe ta. A fara da wannan, don kada wani ya karanta sanarwar nan ya tashi yana cewa kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, gaskiya ne, amma da hannun mutum a ciki, kuma mutumin yana nan da ransa yana cin tuwo.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai sauka ba, ake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan aiki na kamfanonin fata da ke Challawa, da masuntan bakin dam ɗin Tiga, rasuwar jirgin ruwan Malam Sagir, wanda kowa ya fi sani da Balbela. Ta cika wata Asabar, mako uku ke nan, tsakanin azahar da la'asar, a tsakiyar ruwa, bayan wata jinya da aka ɓoye wa mai ita. Shekara tara ta yi a hannunsa. Shekarunta na kafin nan ba wanda ya sani.

A Bompai ya tsince ta, a bayan wata masana'anta da aka rufe, kaji suna ƙwai a cikinta. Mai ita na farko baƙo ne, ya tattara ya koma ƙasarsu ya bar ta. Malam Sagir ya jawo ta filin bayan gidansa, ya shekara biyu yana jinyarta duk ranar da ba shi da aiki. Mutanen layi suka yi ta dariya, wai mutumin da bai san ruwa ba sai na kwata, me zai yi da jirgi? Shi dai ya duƙufa. Ya liƙe mata ciki, ya tashi injinta, ya yi mata farin fenti, yaran unguwa suka raɗa mata suna.

Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu. Litinin zuwa Juma'a yana cikin warin jima da sinadari, yana juya fatu. Asabar da Lahadi kuwa a-kori-kura ta ja Balbela zuwa Tiga. Marigayiya ba ta ɗibar fasinja kamar motar haya. Iyali ɗaya take ɗauka, ko abokai, ko ango da amarya, kada a wuce shida, ta zaga da su. Takan bi ta gefen tarun masunta a hankali don kada ta yanke musu, ta ratsa ta inda matattun itatuwa ke tsaye cikin ruwa, sannan ta ɗaga hanci ta miƙe sai wani tsibirin dutse da tsuntsaye ke taruwa a kansa. A nan Malam Sagir yake kashe inji, ya bar mutane su ji shirun da ba a samu a Kano.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki manajojin da ke tsaye a kanta suna hoto duk da an ce su zauna. Ta ɗauki amaren da suka yi mata amai. Ba ta taɓa jefa kowa a ruwa ba, ba ta taɓa dawo da kowa da kuka ba. Da safe idan aka ja igiyarta takan yi tari biyu, tuf, tuf, kamar tsohuwa tana gyaran murya, a na uku ta kama, gurrr. Idan ta sami fili kuwa muryar takan sirance ta zama kamar guɗa. Masunta daga nesa suke cewa ga Balbela nan.

Abu ɗaya take buƙata, kuma a kansa aka kashe ta. Injin irin wannan ba ya huce kansa da iska, ba shi da tankin ruwa irin na mota. Ruwan da yake tafiya a kai shi yake zuƙa da wata 'yar fanka ta roba, ya sanyaya cikinsa, ya fitar da shi siriri ta wata kafa a baya. Malam Sagir fitsari yake kiran wannan, ba kunya, ko a gaban surukai. Dokarsa ɗaya ce: injin da ba ya fitsari, kashe shi. Idan aka tashe shi a tudu ba ruwa, robar nan takan ƙone kafin mutum ya gama shan kofin shayi.

Ya'u ƙanin Aina'u ne, matar Malam Sagir. Mai kula da janareta ne a wata masana'antar roba a Sharaɗa, yana zaune a shagon ƙofar gidan yayar tasa, kuma makullin filin baya yana hannunsa saboda can ake ajiye babur ɗinsa. An gargaɗe shi, akwai shaidu.

"Ya'u, kada ka kuskura ka tashe ta sai ka tsoma ƙafar injinta a ganga cike da ruwa. In ba za ka iya ba, bar ta ta yi barcinta."

"Haba Malam, ni da nake tashin injin da ya fi ɗakin nan girma? Inji ai inji ne."

A garin nan kowa ya yi imani da abin da direbobi ke kira wamin, wato dumama inji da safe. Mai mota yana yi, mai adaidaita yana yi, mai injin niƙa ma yana yi, kuma duk wanda bai yi ba ana ganinsa marar tausayin ƙarfe. Ya'u ya ga ba daidai ba ne a bar inji kwana biyar ba motsi. Cika ganga kuwa aiki ne, sai an ɗauko jarka an tafi famfo. Sai ya riƙa jira Malam Sagir ya fita aiki bayan asuba, ya shiga ya ja igiya, ya murza mai na ɗan lokaci, ya kashe, ya tafi yana ganin ya yi aikin lada. Ya yi haka kwana huɗu a jere. Ranar Alhamis ya ji ƙaurin roba, ya ga hayaƙi ba irin na kullum ba. Ya kashe, ya mayar da tamfol, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Jahilci ana yafe shi. Taurin kai ma akan yi masa uzuri. Shirun nan shi ne kisan.

Ga abin da ya sa mutuwar nan ta fi ƙarfin a ce an yi asarar ƙarfe. Aina'u tana fama da hawan jinin ido. Likita ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuma yana kan hanya. A Challawa aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta haifi 'yarsu Firdausi. Ruwan da ta sani shi ne wanda ke fitowa daga bayan kamfanoni, yau shuɗi, gobe ja, jibi baƙi wuluk. Shekara bakwai tana jin labarin tsibirin nan a bakin mijinta, tana wanke masa rigunan ruwan da baƙi ke sawa don kada su nutse, ba ta taɓa zuwa ba. Kullum akwai baƙi, kullum sai wani makon. A nan ba za a wanke Malam Sagir tas ba. Mutum ya ba duniya duka wurin zama, ya rasa na matarsa, ya san abin da ya yi, kuma shi ma bai musa ba.

Da ya ga ta fara laluben ƙofar ɗaki da hannu, sai ya sallami baƙin wannan Asabar ɗin gaba ɗaya. Ya ce, "Maman Firdausi, shirya, yau jirgin naki ne ke kaɗai." Ta sa sabuwar atamfa kamar mai zuwa suna. Ya'u da hannunsa ya taya ɗaura Balbela a bayan a-kori-kura, ya tsaya a ƙofa yana ɗaga wa yayarsa hannu, yana cewa a yi masa tsarabar kifi.

A bakin ruwa ta yi tarinta biyu ta kama. Malam Sagir ya waiwaya, yadda ya saba, ya ga fitsarin yana zuwa a tsinke, ɗis, ɗis. Ya ce zanzaro ne ya yi gini a kafar, don sun saba yi masa haka da damina. Ya zura tsinken tsintsiya, ruwan ya ɗan ƙaru. Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Amma Aina'u ta riga ta zauna, ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu tana murmushi. A ranar, karo na farko, ya karya dokar kansa.

Sun bi ta gefen taru, sun ratsa itatuwa. Aina'u ta sa hannu a ruwa, ta kai hanci, ta ce, "Malam, ruwan nan ba ya wari." Ta yi dariya, ta sake ɗiba ta shafa a ido. Ta ce ya ƙara wuta, ita ba tsoro take ji ba. Ya ƙara. Marigayiya ta ɗaga hanci, ta yi guɗarta ta ƙarshe, ba ta yi nisa ba muryar ta shaƙe. Ta yi ƙaƙ, ƙaƙ, sai wani ƙara kamar an buga guduma a turmi. Daga nan ba ta sake cewa komai ba. Ya ja igiya, igiya ta ƙi motsi. Murfin inji ba ya taɓuwa don zafi.

Sai ga hadari ya taso daga gabas. Iska ta juya, ruwa ya fara dukan cikin jirgi. Filafili ɗaya ne da shi, ya yi ta tuƙi, jirgin yana juyawa wuri ɗaya. Tsibirin yana can kudu, ɗan ƙarami, shi mai ido ma da ƙyar yake hango shi. Aina'u ta ƙanƙance ido, ta nuna gabas.

"Malam, wancan baƙin abin da ya tokare sama, shi ne tsibirin?"

Hadari ne take nunawa. Malam Sagir mutum ne da a kamfani ake kiran shi idan ana neman wanda zai faɗi gaskiya ko a kan shugaba. Ya dubi inda take nunawa, ya dubi idonta.

"Shi ne," in ji shi.

"Kai! Ashe babba ne haka. Alhamdu lillahi, na gani."

Wani tsohon masunci ne ya hango su, ya zo da kwalekwalensa na katako ya jefa musu igiya. "Malam, yau kuma Balbela ce a bayan jaki?" Da ya ga fuskar mai jirgin, da matar da ke karkarwa cikin jiƙaƙƙiyar atamfa, sai ya haɗiye sauran, ya sunkuya ya yi ta tuƙi cikin ruwan sama har gaɓa.

An kai gawa wurin makanikin da ya san irin waɗannan injuna. Ya buɗe ƙafar injin, ya zazzago 'yar fankar a tafin hannunsa, ta zama gawayi, fukafukanta duk sun narke. Ciki kuma ya cije, ba sauran gyara. Ya ce, "Malam, wannan ba a ruwa ta mutu ba. A tudu aka kashe ta, ruwa ya ƙarasa." Malam Sagir ya rantse bai taɓa tashin ta a bushe ba. Badi'a mai kokon layi ce ta warware zancen, ba da niyyar tona kowa ba. Ta ce, "Ai satin nan kullum da safe ina jin ta tana kuka a baya. Na ɗauka kai ka sa Ya'u." Da aka tsare Ya'u, ya fara da cewa taimako ya yi. Da aka tambaye shi ƙaurin ranar Alhamis, ya sunkuyar da kai. Aina'u tana daga ɗaki tana ji. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ya san ina ciki, ya ɗaga mini hannu."

Marigayiya ta bar gangar jiki ba rai, da keken da ake jan ta a kai, da rigunan ruwa shida, ɗaya ba madauri, da jarka biyu, da filafilin da ya kasa cetonta. Ta bar masunta da za su daina juyowa don jin guɗarta. Ta bar Malam Sagir, wanda ƙarfinsa bai kai ya nemo mata wani inji ba, kuma ko ya kai, lokacin ya wuce. A cikin makon nan Aina'u ta daina bambance fuskarsa da ta Firdausi sai sun yi magana. Tana ba matan da ke shigowa labarin tsibiri, yadda ya tashi baƙi har sama, shi kuma yana zaune a tsakar gida yana ji.

Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Malam Sagir da ke Challawa, bayan la'asar, na tsawon kwana uku daga Laraba. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ba ya buƙata, a ajiye addu'a ga masu rai. Masu shawarar a kai marigayiya wurin makaniki wane ko wane su riƙe abarsu, an riga an duba. Matan da za su shiga ciki ana roƙon su don Allah, idan Aina'u ta kawo maganar tsibiri, su ce Masha Allahu su yi shiru. Wanda ya taɓa zuwa ya san girmansa, kada ya gyara mata.

Gangar jiki za a kife ta a filin baya don kada ta tara ruwan sauro. Injin kuwa za a fitar da shi ranar Asabar da hantsi zuwa Ƙofar Ruwa, wurin masu fasa ƙarfe.

Dattawan layi sun zauna a kan Ya'u. Shi zai tura gawar a baro, a ƙafa, daga Challawa har Ƙofar Ruwa, ba mai kama masa. An karɓe makulli. Ranar da ya dawo zai kwashe kayansa daga shago. An shiga an gaya wa yayarsa hukuncin, an jira. Ba ta roƙa masa ba.