Ranar da Gwaggo Ta Kayar da Wayata

Ba zan taɓa mantawa da walimar ƙanwata Hafsa ba, kuma ko na so mantawa, matan gidanmu na Kazaure ba za su bari ba.

Lokacin ɗana Sadiƙu yana wata goma, ina shayarwa. Allurar tazarar haihuwa ta taɓa wahalar da ni, ƙwaya kuma ciwon kai take sa ni. Sai wata malama a makarantar da nake koyarwa ta sa mini manhaja a waya. Ki shigar da ranar da kika ga al'ada, ki auna zafin jikinki kullum da asuba kafin ki sauko daga gado, ita kuma ta nuna miki kwanakin kore da na ja. Kore babu komai. Ja, kowa ya kama gabansa.

Awon zafin nan sati biyu na yi. (Wa zai tsaya neman ma'auni yaro yana tsala ihu? Sai da rana nake cike gurbin da lambar da ta kwanta mini.) Ga Baban Sadiƙu, a Dutse yake aiki, sai Juma'a yake zuwa. In ya tarar da ja, sai ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ce, "Anya wannan ja ne? Ni ruwan goro nake gani."

Duk da haka na ɗauki kaina malama.

Ranar walima ɗakin Umma ya cika da mata, har da surukata. Hafsa ta raɗa mini cewa tana son ta gama karatu kafin haihuwa. Ita raɗa ta yi, ni kuwa na miƙe tsaye na ɗaga waya.

"Ku daina wahalar da jikinku," na ce. "Ba allura, ba ƙwaya. Ku dube ni!"

Waya ta shiga zagaye hannu-hannu. Wata ƙawar amarya ta ce, "Anti, me ya sa a nan sama aka rubuta jinkirin kwana ashirin da uku?"

"Matsalar sabis ce," na ce, ko kunya babu.

Daidai nan aka shigo da kaskon turaren wuta. Ƙamshin da nake mutuwar so, ranar sai ya juya mini hanji. Na toshe baki na ruga, amma iyakata bakin ƙofa. Duk shinkafar bikin da na ci na juye ta a kan takalman baƙi.

Gwaggo Tabawa, yayar Baba da ta zo daga Roni, ko sunanta ba ta iya karantawa. Ta ce, "Zo nan, 'yar nan." Ta ja fatar idona, ta dubi wuyana.

"Wata biyu."

"Gwaggo, ai waya ta ce..."

"Da wayar kike kwana ko da mijinki?"

Ɗaki ya kece da dariya, wata har da guɗa. Surukata ta miƙa hannu ta ɗauki Sadiƙu, ta ce, "Zo nan, maigidana, an yi maka kwanika." Na so ƙasa ta tsage. A tsugune na ƙarasa walimar, ina wanke takalman mutane, kowace ta zo karɓar nata sai ta ce, "Sannu, Malama, Allah ya raba lafiya."

A asibiti ungozoma ta tabbatar da lissafin Gwaggo. Ta ce dabarar tana yi wa mai daidaitacciyar al'ada, mai awo kullum, mai mijin da zai yi haƙuri. Mai shayarwa kuwa kwanakinta ba su da tabbas. Cikin ukun nan ko ɗaya ban cika ba.

Mace na haifa. Hafsa kuwa manhajar ta riƙe bil haƙƙi, sai da ta gama karatunta ta yi ciki.

Na koyi cewa waya abin da kika gaya mata shi take mayar miki. Kuma in za ki yi wa mata lacca a gidan biki, ki fara dubawa ko akwai tsohuwa a ɗakin.