Ranar da Famfo Ya Kawo Ruwa, Kifayena Suna Cikin Leda

Jiya da hantsi duk wanda ya bi ta layinmu ya ga wani dattijo tsaye a tsakiyar titi, ya ɗaga leda sama kamar mai riƙe wa majinyaci ƙarin ruwa, yana tambayar jama'a wa ke da tsohon ruwa. To ni ne. Ba taɓuwa na yi ba, kuma ina roƙon wanda ya ɗauke ni hoto ya goge. Rai shida ne a cikin ledar nan, kuma an gargaɗe ni kada su wuce awa uku a ciki.

Bari in koma baya kaɗan. Tun da na ajiye tuƙin bas na koma ɗan rubutun nan a jarida, likita ya ce in nemi abin da zai kwantar min da hankali, in rage jin labarai da safe. Sai na sayi ɗan akwatin gilashi na kiwon kifin ado, wanda bai wuce cin bokiti biyu ba, da ɗan injin da ke hura kumfa, da soson tace ruwa, da tsakuwa. Na ce a zuba min kifi in tafi. Mai kifin, wani siririn mutum da ke magana ƙasa-ƙasa, ya ƙi. Ya ce sabon ruwa kashe kifi yake yi. Sai an bar shi sati huɗu inji yana aiki, ana ɗan jefa ƙwayar abinci, har wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su tare a cikin soson da tsakuwar. Su ne ke cinye ƙazantar kifi. In babu su, kifi a cikin dattin kansa zai mutu.

Haka na yi sati huɗu ina kiwon ruwa. Kullum in ja kujera in zauna gaban akwati, ba komai ciki sai kumfa. In aka ɗauke wuta in ɗauki kofi ina ɗiba ina zubawa, don kada halittun da ban taɓa gani ba su shaƙe. Maiɗakina ta gaji ta daina tambaya. Mai waldan da ke ƙofar gidanmu kuwa kowace safiya sai ya gaishe ni, sannan ya tambaye ni ya jikin ruwan. Ban damu ba. Mutumin da ya shekara tara yana jiran a cike ramin ƙofar gidansa, sati huɗu ai hutu ne a wurinsa.

Jiya wa'adi ya cika. Na sa rigata mai kyau na je na zaɓo guda shida, 'yan ƙanana masu jela kala-kala, ɗaya ta fi sauran ƙiba. Wallahi ko ranar da na karɓi lasisin tuƙi ban yi murna haka ba. Da ƙafa na dawo, don ba zan bari a jijjiga min su a mota ba, ina tafe ina yi musu bayanin unguwa.

Tun daga bakin layi na ji ihu da ƙarar bokitai. Famfonmu, wanda rabonsa da ɗigo wata bakwai, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, shi ne yake ambaliya. Ashe wani babba a gwamnati, Yallaɓai Mai Almakashi, shi ne zai zo ƙaddamar da sabon ruwan sha. Karo na uku ke nan ana ƙaddamar da wannan famfon, amma gaskiya fentin bana ya fi kyau. Kuma 'yan hukumar ruwa ba su yi mana rowa ba. Maganin ruwan da ya kamata a sa a shekara guda suka juye a rana ɗaya, ƙamshinsa har yaji yake sa wa a ido.

Na shiga gida na tarar da maiɗakina tana murmushi, hannunta duk kumfa. Akwatina yana ta ƙyalli. Ta zubar da ruwana na sati huɗu, ta wanke tsakuwa da soso tas da sabulu, ta cika shi fal da ruwan Yallaɓai.

"Malam," in ji ta, "baƙi za su zo, ai ba a sauke su a ruwan wata guda."

Na leƙa akwatin na sunsuna. Na so in yi faɗa, amma da wa? Wannan ne karo na farko da ta taɓa akwatin nan, kuma don ta faranta min ta yi. Na kira mai kifi na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce ya rufe shago yana cikin mota zai je ɗauko kaya, ba zai iya karɓarsu ba. Ruwan famfo mai magani kuma sai ya kwana a buɗe kafin kifi ya shiga, balle irin wannan da ya ce yana jin warinsa ta waya. In ɗauraye komai har sabulun ya fita, in nemo tsohon ruwa duk inda yake.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Layinmu kaf babu gidan da ba shi da duro uku na ajiya. Sai dai kash, jin famfo ya kawo, kowa ya tuntsurar da tsohon ruwansa a kwata don ya cika sabo. Gida bakwai na shiga, kowa sai ya nuna min duronsa da alfahari, ni kuwa in sunsuna in fito. Mai walda ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

Ina cikin haka motoci suka iso. Yallaɓai ya fito, aka yi tafi, ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfon da aka rufe masa minti biyu kafin zuwansa, aka sake tafi. Ya wanke yatsu uku. Da jawabi ya busar masa da maƙogwaro, sai wani ya miƙo masa ruwan roba daga mota. Na so in matsa in roƙi ko roba biyu, wani ƙato mai baƙin tabarau ya dubi ledata, ya dube ni, na tuna ina da iyali.

A lokacin kifayena sun hau sama suna ta buɗe baki. Saura min ƙasa da awa guda, kuma ba na ɓoye muku, na ji hawaye na neman zuwa.

Matar mai walda ce ta cece ni. Tana zaune a kan jarka da tsohon cikinta, tana jiran layi ya zo kanta. Ta ce in je bayan filin ƙwallo, inda aka aza harsashin ɗakin haihuwa shekara huɗu da suka wuce. An haƙa rami, an zuba siminti, an kafa allo, shi ke nan ruwan sama ya karɓi aikin. Ta nan take bi duk ranar awo, kafin ta hau mota biyu zuwa asibitin can ƙarshen gari. Ta ce ruwan garau yake, har da 'yan kifaye a ciki.

Na sake kiran mai kifi. A karo na farko na ji ya yi dariya. Ya ce ai shi ma a can yake tsinko ganyen da yake sayar mana, duk garin nan babu ruwan da ya nuna kamarsa. In ɗebi na sama-sama, in tace da ƙyalle, in haɗo da tsakuwa cikin tafi biyu da ɗan ganye.

Ni da maiɗakina muka ruga da bokitai, ita a gaba ma. Jama'a, wurin nan ya yi kyau. Ganye kore shar, ƙananan kifaye suna wasa tsakanin rodi. Nan take na gane zaluncin da muke yi wa manyanmu. Muna ta cewa sun yi watsi da aiki, ashe ruwa suke bari ya nuna. Ni sati huɗu na yi ina ta fankama, su kuwa shekara huɗu, ba tare da sun yi wa kowa gori ba.

Muka ɗauraye akwati, muka zuba, na ɗora ledar a saman ruwan minti ashirin don sanyinsu ya zo ɗaya, sannan na buɗe. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka zaga, suka shiga cikin ganye. Duk shidan. Maiɗakina ta ja kujerata ta zauna, ni na tsaya.

Da yamma, bayan famfo ya koma barcinsa, sai ta kira ni in zo in gani. Mai ƙibar nan ta laɓe bayan ganye, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa suna faɗowa daga jikinta suna iyo. Ashe irinsu ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi. Muka kwashe su da cokali zuwa kwano, don da na sake kiran mai kifi ya ce manyan ba su da amana, suna iya cinye su. Goma sha ɗaya cif.

Saboda haka ina taya Yallaɓai murna. Ruwan ɗakin haihuwarsa ya karɓi haihuwar farko, uwa da 'ya'ya suna cikin ƙoshin lafiya, yana iya sawa a rahoton ayyuka.

Matar mai walda ta shigo barka. Ta dafa bango ta sunkuya da ƙyar, ta ƙirga su da yatsa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Malam, tunda kai kake rubutu a jarida, ka tambayar min su Yallaɓai," ta ce. "Saura min sati uku. In zo da bokitina ne, ko akwai a can?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. To ga shi nan na tambaya, ranka ya daɗe.