Inda Hancin Giwa Ya Nuna

Duk wanda bai taɓa aiki a ƙarƙashin Janar ba, a yi masa jaje, don bai san shugabanci ba. Gaskiya ne Janar bai taɓa sa kakin soja ba. Shugaban sashen ajiye fayil ne a wani kamfani. Amma ina ruwan mutum da kaki alhali yana da jiragen yaƙi goma sha bakwai a kan teburinsa?

Jiragen na zubin ƙarfe ne, samfurin masu sakin bom na yaƙin duniya na biyu. Kowanne bai wuce tafin hannu ba, sai babbansu mai farfela huɗu, wanda yake kira Giwa. Ranar da wani sabon ma'aikaci ya ce musu kayan wasa, lacca ya sha a tsaye har aka tafi cin abinci aka dawo.

"Wannan tarihi ne," in ji Janar. "Kowace ƙusa tana inda take a jikin na gaske. Wanda ya iya jera waɗannan, jera mutane ba zai gagare shi ba."

Ga yadda yake jera mutanen. Ofishinsa na gilashi ne, yana fuskantar teburan ma'aikata. Kullum kafin ya tashi, sai ya juya hancin Giwa ya saita teburin wani. Wanda aka wayi gari hancin na kallonsa, shi ne da wahalar ranar: hawa tsani, sauko da tsofaffin fayil, shaƙar ƙura. Babu ɗaukaka ƙara.

Sai dai Allah ya yi wa Janar baiwa biyu: mantuwa, da rashin yarda cewa yana mantuwa. Inna mai shara, wadda ke goge jiragen kowace safiya, ta daɗe da gano haka. In Giwa ta kwana tana kallon mai ciwon baya, sai Inna ta karkata ta wajen wanda ya yini jiya yana danna waya. Janar ya shigo, ya dubi hancin, ya yi jim, sannan ya gyaɗa kai.

"Kun ga hangen nesa? Ni kaina wani lokacin ina ba kaina mamaki."

Shekara shida sashen na tafiya sumul, yabo kuma na ta sauka a kan Janar.

Sai takarda ta zo daga sama: mutum ɗaya zai koma rumbun ajiyar kamfanin, can wani lungu, tafiyar awa uku a mota. Babban darakta da kansa zai zo washegari ya ji wanda aka zaɓa. Janar bai wahalar da ƙwaƙwalwarsa ba. A gaban kowa ya saita Giwa kan mai buga takardu, wadda ta taɓa yin babban laifin ajiye kofin shayi kusa da fiffiken jirgi. Sannan ya kife kwali a kan Giwar, don a buɗe gaban darakta kamar ana buɗe sabuwar gada.

Ita kuwa mahaifiyarta na kwance ba lafiya, kullum da rana take rugawa gida ta ba ta abinci da magani. Da safe Inna ta tarar da ita a bakin matakala tana kuka.

"Inna, in na tafi wa zai duba min Mama?"

"Share hawayenki, 'yata. Ai ban yi goge-goge ba tukuna."

Ƙarfe goma darakta ya iso, mu ma'aikata muka jeru. Janar ya tsaya bayan teburinsa, ya tura ƙirji gaba, tumbin ma ya biyo.

"Yallaɓai, ni ba na shawara da kowa, ba na kuma sauya magana. Duk wanda hancin nan ya nuna, ko ɗan cikina ne, yau zai haɗa kayansa. Soja ba ya tambayar dalili!"

Ya ɗaga kwalin. Ga Giwa da farfelolinta huɗu, ta ƙura wa cibiyar Janar ido.

Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ya buɗe baki zai ce wani ya taɓa masa jirgi, sai kokwanto ya kama shi, ko shi da kansa ne ya juya shi ya manta. Kafin ya gama lalube, darakta ya kama hannunsa yana girgizawa.

"Shekarata talatin ina aiki, ban taɓa ganin shugaban da ya tura kansa ya bar yaransa ba."

Janar ya yi jim, ya gyaɗa kai. "Hangen nesa ne, yallaɓai."

Inna ce ta naɗe masa jiragen a tsohuwar jarida, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. An ce a can ma'aikacinsa ɗaya ne tak, maigadi, kuma kullum shi Giwa take kallo. Mai buga takardu tana nan tana rugawa gida da rana.

Aikin sashen kuwa ko na minti ɗaya bai tsaya ba. Jiragen ne kawai suka tafi. Matuƙiyar tana nan da tsummanta a kafaɗa.