Ranar da Uwata Ta Ƙi Buga Guduma

Jama'a, ku taya ni jaje. Shekaranjiya da safe aka gurfanar da ni a tsakar gidana, da kofin shayi a hannuna, bisa zargin shiga banɗaki da silifas ɗin uwar yara. Alƙaliyar kuwa 'yata ce ta tsakiya, wadda nake kira Uwata, 'yar ƙaramar sakandare. Na tuna mata cewa ni ne fa maigida. Ta ce, "Baba, a gaban shari'a babu maigida." Na waiwayi uwarta don ta sa baki, sai na ga ta gyara ɗaurin ɗankwali tana jiran a kira ta shaida.

Duk wannan aikin manyanmu ne, Allah ya ƙara musu lafiya da kujeru masu laushi. Sun zauna a ɗaki mai sanyi suka gano cewa yaranmu sun ƙoshi da komai, sanin shari'a kaɗai ya rage musu. Sai suka kafa wani shiri mai suna dogo kamar layin gidan mai, wai na kai shari'a ƙofar ɗalibai. Gaskiya ɗaya ce, matashiyar lauyar da suka turo ta yi aikinta. A motar haya take zuwa, ta koya musu wane ne alƙali, wane ne mai gabatar da ƙara, wane ne mai kare wanda ake zargi, da cewa ba a kiran mutum mai laifi sai an ji ta bakinsa. Yaran suka shanye karatun tas. Aka ce za a rufe da kotun gwaji a gaban iyaye, kuma Mai Girma Uban Shiri da kansa zai halarta.

Da ranar ta zo, na rufe shagon ɗinkina, na bar wandon mutane ba ƙafa ɗaya, na bi maƙwabcina mai facin taya muka tafi. Ɗansa ne zai fito a matsayin ɓarawon kaza, Uwata kuma alƙaliya, cikin baƙar rigar da na haɗa mata da ragowar yadin shafin riga da hular audugar matashin kai.

Mun tarar an shafe katangar makaranta da sabon fenti, ɓangaren da ke kallon titi kawai. An kafa rumfa da kujeru na manya, mu iyaye aka bar mu da rana. Da safe aka ce mu zo, amma har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa babu labarin kowa. Mai faci ya share gumi ya ce ai ba a yi asara ba, yaran sun riga sun koyi darasin farko na zuwa kotu.

Can sai jiniya. Aka tashi ɗaliban daga gindin bishiya domin motoci su samu inuwa, kun san fentin mota ba ya son rana. Mai Girma ya hau mumbari ya sanar da mu cewa kowa daidai yake a gaban doka, wani na riƙe masa laima, wani na riƙe masa ruwa. Aka raba wa yara littattafai masu hotonsa a bango, aka ɗauki hoto kowa ya ɗaga nasa sama, sannan aka bi layi aka karɓe su, saboda akwai wata makarantar gobe. Wannan tsimi ya burge ni ƙwarai.

Aka fara shari'a. An kifa tebur aka tsayar da ɗan mai faci a ciki. Mai gabatar da ƙara ya karanta zargi, mai kaza ya fito ya yi rantsuwa. Ana cikin haka mai riƙe wa Mai Girma jaka ya lallaɓa wurin Uwata ya raɗa mata magana, bai san lasifikar da ke gabanta a kunne take ba. Duk filin ya ji. Cewa ya yi Mai Girma na da wani zama, ta tsallake sauran, ta buga guduma ta ce an sami yaron da laifi, masu kyamara abin da suke jira ke nan.

Shugaban makaranta ya shiga yi mata alama da ido da gira. Lauyar ta sunkuyar da kai. Ɗan mai faci kuwa, wanda ya kwana biyu yana haddar bayanin kare kansa, idonsa ya kawo ruwa.

Uwata ta gyara hular audugarta ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ji ta bakin wanda ake zargi ba."

Mai jaka ya yi murmushin dole ya ce ai wasa ne, 'yammata.

Ta ce, "In wasa ne, me ya sa yake kuka? Na ɗage zaman."

Ni a nan na soma tunanin inda zan mayar da keken ɗinkina, don shagona a bakin titi yake, kuma kun san yadda masu rusau ke tunawa da mutum. Amma Mai Girma sai ya fashe da dariya ya hau tafi, ya ce wannan yarinya ta ƙware, tun yanzu ta san ɗage zama. Manya suka taya shi dariya har da riƙe ciki. Aka yi hoto da ita, jiniya ta tashi, motoci suka saki inuwarmu.

Ɗan mai faci kuwa yana nan tsaye cikin tebur. Ya tambaya a hankali ko zai iya fita. Lauyar ta ɗago kai ta ce alƙaliya ce kaɗai ke da wannan ikon. Uwata ta ce an dawo daga ɗagewa. Yara suka ja bencinansu gindin bishiya, mu iyaye muka afka wa kujerun manya kafin masu haya su kwashe, na ji daɗin da bayana bai taɓa sani ba.

Wata 'yar siririya ce lauyar wanda ake zargi, sai ga ta da baki kamar almakashina. Ta tsare mai kaza da tambaya har ya yarda bai ga kowa da idonsa ba, akurkinsa ma ba shi da ƙofa. Yaron ya yi bayaninsa daga farko har ƙarshe, ba wanda ya katse shi. Uwata ta ce zargi ba hujja ba ne, ta sallame shi, sannan ta buga gudumar. Mai faci ya ruga ya sungumi ɗansa sama kamar da gaske daga kurkuku ya fito.

A hanyar gida mai faci ya ce mini ƙanensa na gidan yari yana jiran shari'a tun yaron nan bai yi famfara ba, har yau ba a tambaye shi me ya faru ba. Ya ce, "Malam tela, ko za ka yi wa Uwata magana a dawo da shari'ar kotunta?"

Na soma dariya, na kalli fuskarsa, na haɗiye sauran. Na ce zan gwada, sai dai alƙaliyar ba ta zama sai ta gama aikin gida da wanke-wanke.

Shawarata ga manyanmu masu albarka ita ce su sa ido sosai a kan wannan shiri nasu. Wani ya manta ya gaya wa yaran nan cewa na hoto ne, sun ɗauka da gaske ake.